Amsa ga ƙanenmu da tsirkiyar bakansa ta fice

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo, yanzu na taso daga aiki, ina cikin mota ban ma tayar da ita ba.

Ƙanena, na saurari saƙonka, na kuma ga hotunan. Ga waɗanda ba su bi zancen ba, ya sayi baka ne na hannu a intanet, irin na zamanin nan mai gargare sama da ƙasa wanda ake kira kwamfawun. Abokinsa ya zo, ya ja ya saki ba kibiya a kai, tsirkiya ta fice daga gargaren. Shi ne yake tambaya ko ya kalli bidiyo a YouTube ya mayar da ita da kansa, don kada shago su ci kuɗinsa.

Don Allah, don Annabi, kada ka taɓa shi. Kada ma ka sake gwada jansa.

Ka ga bakan mafarautanmu na gida, itace ne da tsirkiya, mutum ya sa gwiwa ya tanƙwara shi ya ɗaura, shi ke nan. Wannan ba haka yake ba. Wani mutumin jihar Mizuri ta Amurka ne, Holless Wilbur Allen, ya ƙirƙiro shi, aka ba shi takardar mallaka a 1969, kuma tun asali an gina shi ne yadda ko yana ajiye fikafikansa, wato sassan sama da ƙasa masu lanƙwasa da gargaren ke kai, a matse suke, da ƙarfi a cikinsu. Ba a cire tsirkiya ko mayar da ita sai an sa shi a injin matse baka, kuma ba kowane inji ne ya dace da kowane baka ba. Masu cusa sukundireba a ramin gargare, da haka ake rasa yatsa, ko ido.

Sannan ba ficewar tsirkiyar ce ta fi damuna ba. Lokacin da ka saki, ƙarfin nan duka kibiya ce take tafiya da shi. In babu ita, ina zai je? Cikin bakan yake komawa. Gargare ya lanƙwashe, ƙusar da yake juyawa a kai ta karkace, fiffike ya tsage ta ciki inda ido ba ya gani.

Abin da ya sa nake nacewa, ya faru da ni. Shekarar da na fara, a wani babban kanti na sayi nawa. Yaron da ke wurin bai auna ni ba, bai tambaye ni komai ba, ya miƙo mini kwali. Wata biyu ina harbi tsirkiya tana dukan hannuna, nan cikin damtse har ya yi baƙi. Ranar nan kuma gindin wata kibiya ya fashe daidai lokacin sakin, ƙara kamar an harba bindiga. Na koma kantin, aka ce mai gyara ba ya nan, in bar shi in dawo bayan sati uku. Ko buɗe jakar ba su yi ba.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini ɗan ƙaramin shago a bayan gari. Dattijo ne shi da ɗansa. Ban manta ba, kafin ya taɓa bakan sai da ya ce in faɗa masa gaskiyar abin da ya faru. Da na faɗa, bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauko ƴar auduga, ya riƙa shafa ta a hankali a jikin fikafikan, sama da ƙasa, gefe da gefe. Can kusa da gargaren ƙasa sai zaren audugar ya maƙale. Ya kira ni, ya kunna tocila, ya nuna mini tsaga siririya kamar gashi. Wallahi da idona kaɗai ko shekara zan yi ba zan gan ta ba, kuma da na ci gaba da ja, a fuskata zai tashi.

Daga nan ya ce in tsaya jikin bango in buɗe hannuwa. Ya auna daga yatsa zuwa yatsa, ya raba da 2.5, ya fito inci 28, wato tsawon jan tsirkiyar da ya dace da ni. Bakan kuwa a 30 aka saita shi. Ashe dukan da hannuna yake sha ke nan. Da sababbin fikafikan da za a canza suka iso ya ɗaura, bai sallame ni ba sai da na harba ta cikin takarda da ya kafa a firam. Hujin farko ya yage gefe guda, ya ɗan taɓa mazaunin kibiya, na sake, ya sake taɓawa, har hujin ya fito tsaf, rami ɗaya da sawun gashin kibiya uku. Ya fi minti arba'in a kaina, ga mutane na jira, kuma abin da ya faɗa mini tun farko shi na biya.

To da haka za ka gane shago. In suka karɓa suka rataya masa takarda ba tambaya, ɗauki abinka ka fita. Ka ce a faɗa maka kuɗin kafin a fara, a kuma kira ka in an ga wani abu daban. Kai ma ka faɗi gaskiya cewa an sake shi ba kibiya, don in ka ɓoye, tsirkiya kawai za su mayar su ba ka.

Abu ɗaya da ba zai yi maka daɗi ba. Manyan kamfanoni irin Mathews da Hoyt, garantinsu na wanda ya fara saya ne daga dilansu, na hannu ba ya ciki. Ko sabo ne ma, sakin baka ba kibiya ba ya shiga garanti. Don haka daga aljihunka ne. In dattijon ya ce gyaran ya fi kuɗin bakan, ka yarda da shi.

Kuma ka hanzarta. A nan jihar Ohayo ƙarshen Satumba ake buɗe farautar barewa da baka, daga Agusta shagunan nan ba masaka tsinke. Da kake cewa kana son farauta, dokar jihar ba ta yarda da bakan da ƙarfin jansa bai kai nauyin fam 40 ba, sai a duba maka wannan ma a sikeli tunda an je.

Asabar bayan Azahar ba ni da aiki, zan biyo in ɗauke ka. Ka sa shi a jakarsa yadda yake, kada ka bar shi cikin mota a rana. Ka haɗo da kibiyoyin duka, don na kabon ne, sai an lanƙwasa kowace ɗaya an saurara ko za ta yi ƙara. Abokin naka ma ya zo in yana so, ya ga yadda ake yi. Sai da safe.