Bayin da suka tsere zuwa Kanada, da me suka fara?

Malam, ka tambaya yadda bayin da suka gudo daga Amurka zuwa Kanada hannu rabbana suka kafa gida da gona. Amsar ita ce aikin gayya. Dubi Buxton, kusa da Chatham a yankin Ontario, inda wani limamin coci, William King, ya kafa matsuguni a 1849 tare da bayi 15 da ya 'yanta. Wurin kurmi ne mai dausayi. Sabon zuwa bai isa ya sare waɗancan manyan itatuwa shi kaɗai ba, sai maƙwabta su taru da gatura, su share fili, su jera gungume kan gungume har ɗaki ya tashi, su haƙa lambatu ruwa ya janye.

Amma akwai sharaɗi. Kowane iyali eka 50 yake saya, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan cikin shekara 10, gonar ta zama tasa. Na yi noman gayya a ƙauyenmu, na ga yadda mutum ke sakin jiki a gonar maƙwabci idan ya san gobe tasa za a shiga. Balle wanda ya yi shekaru yana nome wa ubangida auduga ba ko sisi.