Ginko ba giginya ba ce

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Malam, na ga sunan Ginkgo biloba a jikin kwalin magani, abokina ya ce giginya ce. Haka ne? In ba haka ba, me ake ce mata da Hausa?"

Ɗana, kunne ne ya ruɗi abokinka. Giginya 'yar'uwar dabino da goriba ce. Abu guda na sani da ya haɗa giginya da Ginkgo: kowace akwai namiji akwai mace, macen ce ke 'ya'ya. Ita Ginkgo bishiya ce da asalinta ƙasar Sin, Bahaushe bai zauna a inuwarta ba balle ya raɗa mata suna. Baƙon ice sai ya zauna da mu yake samun suna, dubi dogon yaro da ya fito daga Indiya. Don haka ni ginko nake rubutawa, yadda bakinmu ke furtawa, kuma ina roƙo kada a ɗora mata sunan wata.

Sunan ma da labarinsa. Wani likita Bajamushe, Engelbert Kaempfer, ya zauna a birnin Nagasaki na ƙasar Japan daga 1690 zuwa 1692. A lokacin Japanawa na cewa ginkyo, shi kuwa da littafinsa ya fito a 1712 sai ga "g" a gurbin "y". Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, ya ɗauke shi haka nan a 1771, ya ƙara biloba, wato mai ɓari biyu, saboda tsagar tsakiyar ganyen. Sinawan da kuwa "ƙafar agwagwa" suke ce mata. Wannan suna yana burge ni, don irin raɗin Bahaushe ne, a dubi abu a faɗi kamanninsa. Da mu ne, ina jin mafici za mu gani a ganyen.

Wata malamar firamare daga Maraɗi ta ce: "Ina so in gaya wa yara ginko ita kaɗai ta rage a danginta. Zuriya zan ce ko tsatso?"

Malama, tsatso ya fi. Asalin kalmar ƙugu ne, ƙasan baya, daga nan aka ce wane ya fito daga tsatson wane. Zuriya 'ya'ya da jikoki take dubawa, tsatso yana waiwayen mafari, kuma mafarin kike nufi. An samu shatin ganyen danginta a cikin duwatsun da suka kai shekara miliyan 270. Danginta sun yaɗu a duniya, suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, saura iri guda. Ganyen da aka tono na shekara miliyan 170 kuwa, da kaɗan ya bambanta da na yau. In kina son karin magana, ga ta: kyan ɗa ya gaji ubansa.

Ki kuma ba su labarin Hiroshima. Da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, wasu bishiyoyin ginko da ke tsakanin kilomita 1 zuwa 2 da wurin sun babbake, amma suka sake toho, suna nan tsaye har yau.