Me ya sa nake tashi daga Facebook raina a ɓace?

Tambaya: Malam, duk lokacin da na buɗe Facebook sai in tarar ana cacar baki, yau kan ɗan siyasa, gobe kan malami. Nakan tsoma baki, in kwana zuciyata tana tafasa. Laifina ne ko na manhajar?
Daga wata mai karatu a Zariya

Amsa: Malama, akwai naki, amma na masu manhajar ya fi yawa. Kamfanonin nan da talla suke cin abinci, kuma kuɗin talla yana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewarki a kan waya. Ba abin da ke riƙe mutum kamar fushi. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fallasa a 2021 sun nuna cewa daga 2017 wajen zaɓen rubutun da zai nuna wa mutane, kamfanin ya riƙa ba alamomin fuska da ake dannawa a ƙarƙashin rubutu, har da jar fuskar fushin nan, maki biyar, babban yatsa kuwa maki ɗaya. Wato rubutun da ya tunzura jama'a shi ake turawa gaba. Daga baya sun sauke makin fushin, amma sharhi har yanzu ana ƙirga shi, ko yabo ne ko zagi.

Nan ne naki laifin yake. Kin shiga don ki gyara wa mutum zama, kin ƙara masa kasuwa. Tun da aka fara biyan masu shafuka kuɗi, wasu da gangan suke jefa magana mai zafi su koma gefe, ku kuna ta dambe, su suna ƙirga dala.

Abin ba ya tsayawa a waya. A Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook, wasunsu ma ba a Najeriya aka ɗauke su ba, kuma 'yan sandan jihar sun shaida wa BBC cewa hotunan sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya. 'Yan siyasa sun gane wannan sarai, shi ya sa kowa yake da sojojin baka.

Rashin barcin kuwa, jiki bai san bambancin zagin waya da na ido da ido ba: zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyi su ɗaure. Ki daina bin shafukan da kika san sana'arsu ke nan, ki bar wayar a falo bayan isha'i. In kika yi mako biyu barci bai dawo ba, ki ga likita.