Me ya sa ba a samun Land Cruiser 79 mai gazuwal a Amurka?

Ɗan'uwa, ka ce ƙanenka ya neme ta a Amurka zai turo maka Marwa a Kamaru, bai samu ba. Ka ce masa ya daina wahala, Toyota ba ta sayar da ita a can. Injinta 1HZ mai silinda shida, da ake ƙerawa tun 1990, hayaƙinsa ya wuce abin da dokarsu ta yarda. Turai ma haka.

Sababbin motoci masu gazuwal na can sai da matatar hayaƙi da ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi, man jarka na bakin hanya kuwa toshe matatar yake, mota ta kasa ja, bakanike ya rasa ta inda zai kama. Nemi wadda aka ƙera don Afirka, wajen dila a Duwala ko Injamena.