Ƙaramar algaitar Sukotlan: koyo tukuna, faifai daga baya

Ɗan'uwa, ka ce ka fara koyon ƙaramar algaitar Sukotlan mai jakar iska, kana kuma son fitar da faifan kiɗan gargajiya, shi ne kake tambayar ta ina za ka soma.

Shawarata ita ce ka ba iska haƙƙinta tukuna. Wannan algaita ba da baki ake hura yawancinta ba, zugazugi ake ɗaurawa a gwiwar hannu irin na maƙera, ɗaya hannun kuma yana matse jakar, kuma idan matsin bai daidaita ba sauti zai riƙa hawa da sauka. Ka toshe bututun amon, wato waɗanda ke fitar da amo ɗaya a bayan kiɗa ba tare da canji ba, ka riƙe sauti ɗaya har ya daina rawa, sannan ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Muryoyinta 9 ne, kuma sa yatsu daidai yake da na babbar algaitar Hailan (yankin tsaunukan Sukotlan).

Game da faifai, wadda aka saita sautinta a kan matakin kiɗa da ake kira A ta fi dacewa, domin tana tafiya da goge da jita, abin da babbar ba ta yi cikin sauƙi. Kuskuren da na fi jin takaicinsa shi ne gaggawar shiga situdiyo, domin makirufo ba ya ɓoye ƙarar zugazugi ko yoyon jaka. Haka kuma ba kowane kiɗa ne na gargajiya ba, wasu suna da masu haƙƙinsu, sai ka bincika.

Kada ka kankare harshen karan, wato ɗan siririn karan da iska ke kaɗawa ya ba da sauti, da kanka, ka kai wa maƙerinta. Don darasi, cibiyar koyar da algaita ta National Piping Centre da ke birnin Gilasgo a Sukotlan tana koyarwa har ta intanet.