Mene ne amfanin tukkun da ke kan fengwin?

Tambaya: Wani malamin lakkol daga Tawa ya rubuto cewa ɗalibansa sun ga hoton tsuntsun teku, fengwin, da gashi rawaya a saman ido, kamar tukkun gauraka. Sanyi yake kare masa, ko kwalliya ce kawai? Kuma namiji ne kaɗai ke da shi?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Tukkun nan ba ruwansa da sanyi, ba ya kuma taimaka masa wajen iyo. Da tsuntsun ya faɗa ruwa sai tukkun ya kwanta luf. Aikinsa a tudu yake, lokacin neman abokin zama.

Ba kowane fengwin ke da shi ba. Dangi ɗaya ne, masana na kiransu Eudyptes, suna hayayyafa a tsibiran tekun kudu, irin su Kergelen da Krozet da ke hannun Faransa, da na kewayen Niu Zilan. A wuraren nan dubbai ake taruwa kan dutse, ga kuka ga cunkoso. Sai namiji ya miƙe, ya ɗaga baki sama, yana kuka yana kaɗa kai hagu da dama har gashin na rawa. Da wannan ake gane ɗan'uwa daga bare, don kowane iri da fasalin tukkunsa. Na tsibirin da ake kira Tristan da Cunha ya fi na kowa tsawo, yana zubowa har wuya. Wani kuma na kusa da Niu Zilan nasa a tsaye yake, yana ɗaga shi yana kwantar da shi in ya so.

Mace ma tana da shi, kuma wannan ne ya fi burge ni. Kwanci da renon ɗa aikin su biyun ne. Namiji kan yi makonni bai ci komai ba yana gadin gida. Tunda kowa zai sha wahala, kowa sai ya zaɓa, ita ta duba shi, shi ma ya duba ta.

Launin tukkun ma abin mamaki ne. A 2013 wani masani, Daniel Thomas, da abokan aikinsa suka nuna cewa rawayar nan sinadari ne dabam, ba irin wanda tsuntsun filamingo ke samu daga abinci ba. Alamu sun nuna jikin fengwin ne ke haɗa abinsa.

Ku gaya wa yaran su sake duba hoton. Ɗan tsako ba shi da tukku sam, matashi kuma nasa gajere ne, bai yi kauri ba. In sun ga dogo, cikakke, to baligi ne.