Kafin ka sauke tankin, bi tiyon da ke mayar da mai

Ɗana, na saurari saƙonka tun daren jiya, hidimar biki ce ta hana ni amsawa sai yanzu. Ka ce Alhajin nan mai kai bulo ya kawo tsohuwar Land Cruiser ɗinsa, HZJ75 mai buɗaɗɗen baya. Tankin baya na yoyo, makunnin canja tanki kuma yau ya yi aiki gobe ya ƙi, shi ne ya ce a mayar masa da ita tanki ɗaya ya huta. Kai kuma ka tambaye ni: "Oga, ba sai in sauke na bayan, in cusa noti a bakin tiyon in ɗaure ba?"

Aikin zai yiwu, bai kai na wuni guda ba ma. Amma notin nan ka mayar da shi gwangwaninsa tukuna.

Motar tankuna biyu gare ta, kowanne lita 90. Kai tankin kake kallo saboda shi ne babba a ido, alhali sauke shi abu ne da ko yaron da ya zo gareji jiya zai iya. Abin da ke tsakanin tankunan da injin shi ne aikin. Kowane tanki akwai hanyar da mai ke fita, akwai hanyar da yake dawowa, akwai ta shan iska, sannan ga wayar fulota, abin da ke auna man cikin tankin, mai zuwa geji. Injin 1HZ ɗin nan, mai silinda shida da Toyota ta fara sakawa a 1990, ba duk gas ɗin da injekta, wato famfon da ke ba injin mai, ta zuƙo yake ƙonawa ba. Tana jan fiye da buƙata, ragowar ya sanyaya ta, ya zame mata kamar man shafawa a ciki, sannan ya koma tanki. Shi ya sa idan ka leƙa ƙarƙashin motar za ka ga bawul biyu masu aiki da lantarki, ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa. Da direba ya danna makunni, tare suke juyawa, don man da ya fito daga tankin gaba ya koma na gaba, na baya ya koma na baya.

Ina kamar shekarunka na yi wannan aikin a wata mota irinta, maigidana ya tafi kasuwar kayan gyara ya bar ni. Na cire bawul ɗin tafiya, na haɗa tiyo kai tsaye da tankin gaba, na tayar da mota ta tashi lafiya lau, har ina jin kaina. Na dawowar ban ko kalle shi ba, ashe ya maƙale ne a ɓangaren baya. Kwana uku sai ga mai motar ransa a ɓace, wai tun da muka taɓa ta take shan mai kamar rijiya, ya cika tanki ko'ina bai je ba allura ta faɗi. Maigida bai ce masa komai ba. Ya zagaya baya ya shafa ƙasan murfin tankin da muka ce mun kashe, ya ɗago hannunsa sharkaf da gas, ya miƙo mini dab da hanci. Man mutumin duk yana nan, mota ce ta yi ta kwashewa daga gaba tana juyewa a baya har ya cika ya fara tumbatsa. Da kuma na toshe hanyar da noti yadda kake shirin yi, da abin ya fi haka muni: mai ya rasa mafita, ya taru a cikin injekta, injin ya dinga rawa, robobinta su fara zubarwa. Kai ma ka san kuɗin mai gyaran injekta.

Kafin ka ɗauki sifana, ka zauna da Alhaji. Ina motar take zuwa? In bulo da yashi ne a cikin gari, tanki ɗaya ya ishe shi, ya ma rage wa motar nauyi, don lita 90 na gas ya kai kilo 75. In kuwa yana da niyyar sayar da ita ga masu shiga Sahara, ka gaya masa gaskiya yana rage mata daraja. Mutanen da ke tashi daga Agadas su nufi Dirku ko Bilma tanki na biyun nan suke saye, har su ƙara da durom da jarkoki a baya. Sau da yawa kuma abin da ake kira lalacewar makunni waya ce kawai ta ci tsatsa a bakin bawul. Ka goge ta, ka sa wani ya danna makunnin kai kana ƙasa da hannunka a kan bawul ɗin. In ka ji ƙas, yana da rai. Ka faɗa masa, zaɓi nasa ne.

To in ya ce a cire, na gaba za ka bari, shi ne babban tanki kuma shi gejin da ke gaban direba yake karantawa. Amma ka buɗe wurin fulota ka haska cikinsa da tocila, kada ka jefar da mai yoyo ka riƙe ruɓaɓɓe. In ka ga ruwa kwance a ƙasa ko baƙin dauɗa mai yauƙi, a sauke shi ma a wanke.

Cire kan batir na nagatif. Tsiyaye man baya a jarka mai tsabta, ka ajiye wa mai shi. Sannan, tun kafin ka zare tiyo ko ɗaya, ka naɗa wa kowanne salatif ka rubuta: tafiya gaba, dawowa gaba, tafiya baya, dawowa baya. Na san za ka ce za ka tuna. Tiyo shida ne a wurin in ka haɗa da biyun da ke ɓangaren injin, duk baƙaƙe, duk sun sha ƙura, kana kwance a ƙasa gas na ɗiga maka a hammata, ba za ka tuna ba. Na tafiya ya fi na dawowa kauri kaɗan, wannan zai taimake ka, amma ka bi kowanne da hannu har inda ya ƙare.

Ni ra'ayina a fitar da bawul ɗin duka biyu. Wasu suna barinsu su zare waya kawai, su ce ai in babu wuta a gaba suke tsayawa. Bawul ɗin da ya shekara talatin yana shan ƙura ba ya tsayawa inda littafi ya ce, kuma kowace mahaɗa da ka bari ƙofa ce ta iska. Ka haɗa tafiya da tafiya, dawowa da dawowa, da guntun bututun ƙarfe daidai kaurin tiyon, kilif mai noti a kowane baki. Tiyon mai za ka saya na gaske. Na ruwa gas yana kumbura shi ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Ka ɗaure shi a jikin shasi nesa da salansa, inda ba zai goga da komai mai juyawa ba.

Iskar nan ita ce za ta ba ka wahala, don haka ka fahimce ta da kyau. A wannan injin babu famfo a cikin tanki mai turo mai, injekta ce ke zuƙowa tun daga can. Saboda haka kilif ɗin da bai ɗauru ba ba lallai ya ɗigar da ko ɗigo ɗaya ba. Waje a bushe, ciki kuwa yana shan iska. Mota za ta yi aiki da rana, a ajiye ta, da asuba mai ya zurare ya koma tanki, a yi ta buga ta har batir ya mutu. Idan ka gama haɗi, canja filta, zubar da ruwan da ke ƙasanta, ka yi ta danna famfon hannu da ke kanta har ya yi tauri. Sai ka saka guntun tiyo mai haske na ɗan lokaci tsakanin filta da injekta, ka tayar, ka zuba ido. Kumfa na farko ba komai. In bayan minti biyar ƙananan ƙwayoyi na ci gaba da wucewa, koma ƙasa.

Ka duba hanyar shan iskar tankin da ka bari, kada garin toshe-toshe ka haɗa da ita. Alamarta ita ce mota ta yi tafiya kaɗan ta fara shaƙewa, ka buɗe murfi ka ji ya ja iska fuu.

Wayoyin bawul da na fulotar baya ka naɗe kowacce daban ka ɗaure sama. Makunnin ka zare soket ɗinsa. Bakin zuba mai na baya kuma ka cire shi ko ka rufe shi ruf, in ba haka ba wata rana yaron gidan mai zai zura masa bututu ya shayar da ƙasa lita ashirin kafin a ankara.

Tsohon tankin kada ka bar shi a rataye babu komai ciki, kuma kada ka bar mai walda ya kusance shi a garejina don wai na gas ne. Tankin da babu mai a ciki tururi ne cike da shi. In irin motar nan mai fetur ce, mai injin 1FZ, ko sigari ban yarda a kunna kusa ba.

Wannan bayanin na wannan motar ne. Ranar da aka kawo maka Ford F-150 ta Amurka ta wajen 1990 zuwa 1996, kowane tanki da famfonsa a ciki mai turo fetur da ƙarfi, wayarin ɗin ma daban ne, kira ni kafin ka taɓa.

Ka bar ta ta kwana a gareji, ka tayar da ita da sassafe da kanka. In ta tashi bugu ɗaya, ka zuba bawul ɗin da makunnin a leda ka ba Alhaji tare da mansa, ka tuna masa cewa yanzu in allura ta kwanta babu sauran wani tanki a baya. Jibi in sha Allah ina dawowa, zan leƙa ƙarƙashinta.